Kwanon da Iya Ta Hana a Buɗe

Ni dai ba a taɓa kirana marowaciya ba, ko ina ƙarama. Ciwona daban ne. In na ba ka abu, to sai unguwa ta ji, kuma sai na tsaya a kanka na ga ka haɗiye. Kakata, wadda duk yaran ƙauyenmu ke kira Iya, ita ta fara gano wannan ciwon nawa, ita kuma ta yi mini maganinsa. Ba ta ɗauki tsumagiya ba. Tatsuniya ɗaya ta yi mana, ta kai tsakiya ta ƙi ƙarasawa.

Ƙauyen namu ƙarami ne, a ƙasar Batsari, can wajen Wagini. In ka tsaya a ƙofar masallaci kana iya ƙirga gidajen da yatsa. Iya ita ta haifi babana. Ɗakinta yana kusurwar gidanmu ta gabas, da 'yar rumfar kara a gabansa, da wata ƙofa ta baya wadda yara ke shigowa ba sai sun bi ta zaure ba. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙaramar murya, amma in ta yi gyaran murya har awakin gidan sai sun natsu. Ga ta da tsokana. Ni takan kira ni Sarkin Shela, alhali sunana Sa'ade, kuma a lokacin ina ɗauka yabona take yi.

A garinmu ba a cin tuwon dare a ɓoye. Da an sallame magariba maza za su shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, kowane gida a fito da akushi, a haɗu a ci, a gama wannan a jawo wancan. Shi muke kira ciyayya. Mu ma yara muna da tamu, a rumfar Iya. Kowa zai zo da ɗan kwanonsa daga hannun uwarsa, mu jera su a gabanta, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Da damina takan hura wuta a bakin rumfar, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Idonmu na ruwa, muna tari, amma ba mai matsawa, domin mun san da an suɗe kwano na ƙarshe za ta miƙe ƙafa ta fara. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa nan a bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, an yi shimfiɗa."

Gidanmu a lokacin muna da ɗan hali. Babana yana da shanun huɗa biyu da rumbu uku, kwanona kuwa yakan zo da malmala uku, miya har da man shanu a kai. Ba na buɗe shi sai kowa ya zauna. Sannan in ɗaga faifan a hankali, ina kallon fuskokinsu.

Ƙawata ita ce Ladingo. Gidansu yana bayan namu, dannin kara ne kawai tsakaninmu. Shekarunmu ɗaya, takwas ko tara. Ba ta da yawan magana, amma ta fi ni iya carafke, ta fi ni sanin inda tsamiya ke da zaƙi, kuma ita kaɗai ke jure surutuna daga safe har yamma. A bazarar shekarar nan mahaifinta ya rasu. Uwarta, Gwaggo Hure, ita ta ɗauki fartanya ta shiga gona, da Ladingo da ƙanenta Sule a bayanta.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan ɗan tsakanin, lokacin da gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, rumbuna kuma sun yi ƙasa. Gona kore shar, ciki babu komai. A shekarar nan abin ya yi tsanani, don ruwa ya yi jinkiri an yi shuka biyu. Kwanonin ciyayyarmu suka fara ramewa. Mai kawo malmala biyu ya koma ɗaya. Kwanon Ladingo ya tashi daga tuwo ya koma kwaɗon tafasa, daga nan ya koma tafasa zalla, ko ƙuli babu. Wata rana kuma sai ga ta ta zo hannu biyu, ta zauna can gefe da Sule a cinyarta. Iya ta ce ta matso, ta ce ai sun ci a gida.

Ni kuwa na san ba su ci ba, kuma tausayinta ya kama ni da gaske, wannan Allah ne shaida. Sai na tura kwanona gabanta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ladingo, matso ki ci namu. Ai na san yau ba ku ɗora tukunya ba, tun safe ban ga hayaƙi a gidanku ba."

Na juya na kalli Iya, ina jiran ta ce Allah ya yi mini albarka. Iya ba ta kalle ni ba, wuta take gyarawa. Wani yaro ya yi 'yar dariya. Ladingo ta miƙe, ta kama hannun Sule, yaron yana waiwayen kwanona yana turjewa, ta ja shi suka fita ta ƙofar baya. Ba ta yi kuka ba.

Washegari ba ta zo ba. Jibi ma haka. Na leƙa ta ramin danni na kira ta, ta yi kamar ba ta ji ba. Da dare ina jin kukan Sule ta bayan ɗakinmu, irin kukan da ba shi da ƙarfi. Haushi ya cika ni. Na ce wa Inna, mahaifiyata, wai mutum ya yi alheri a saka masa da gaba. Inna ta ce in je in wanke kwanuka. Iya kuma kwana uku ba ta yi tatsuniya ba, ta ce haƙori ke damunta, ita da haƙoran nata ba su fi huɗu ba.

A rana ta huɗu, da muka gama ci, sai ta miƙe ƙafa.

Ta ce a wata shekara an yi yunwa a daji, har ƙananan dabbobi suka yi shawara su riƙa ciyayya a gindin wata kuka. Kurege ya kawo gyaɗa, Kurciya ta kawo tsaba, Kunkuru ya kawo ganye. Zabuwa ita ta fi kowa samu, don ta san gonaki, kuma ba ta da rowa ko kaɗan. Iya ta ce a lokacin Bushiya ba ta da ƙaya, jikinta sumul yake, a miƙe take tafiya kamar kowa. Rannan Bushiya ta zo ba ta samo komai ba, ga 'ya'ya biyu a bayanta. Zabuwa ta ji tausayi. To amma kun san Zabuwa, ba ta iya yin komai shiru ba, ko ƙwai ta yi sai daji ya ji. Sai ta hau kan reshe ta buɗe baki.

A nan Iya ta tsuke murya, ta miƙa wuya, ta kwaikwayi kukan zabuwa har muka kwanta don dariya. "Ku gani, ku gani, na ba ta, na ba ta! Ba ta da shi, ba ta da shi, na ba ta!"

Ni ma na yi dariya. Har hawaye.

Iya ta jira muka lafa, sannan ta ci gaba da ƙaramar muryarta. Ta ce duk dabbobin suka juyo suka zuba wa Bushiya ido. Duk idon da ya sauka a bayanta sai ya zama ƙaya. Ta rasa inda za ta sa fuskarta, sai ta dunƙule, ta cusa kai cikin ciki. Da ta samu suka kau da kai, ta kwashi 'ya'yanta ta shige rami. Yunwa na cin su, tsabar Zabuwa na zube a gindin kuka, tsakaninsu taku goma, amma ba ta iya fitowa.

"Shi ya sa har yau," in ji Iya, "in kun kalli bushiya sai ta dunƙule. Ba tsoro ba ne, yara. Tunawa take."

Dariyata ta tsaya. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Na saci kallon sauran yaran, ba wanda ke kallona, duk bakinsu a buɗe suna jiran abin da zai faru. Iya ma ba ta kalle ni ba. Wannan rashin kallon nata sai da na girma na san darajarsa, don da ta nuna ni da ko gira, da ni ma na dunƙule.

Iya ta ci gaba, ta ce Kunkuru da ya ga haka, shi tsoho ne, kuma tun da aka haife shi da murfi yake yawo, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashi, sai ya tara su. Ya ce daga yau kowa ya zo da ƙwaryarsa a rufe. Shi zai shiga kogon kuka shi kaɗai, a miƙa masa, ya juye duka wuri ɗaya, ya fito da shi a ci. Zabuwa ta ce, to wa zai san ita ta fi kawowa? Kunkuru ya ce ba kowa. Ta ce, ko mutum ɗaya? Ya ce ko shi da ya juye zai manta.

Daga nan Iya ta naɗe ƙafa, ta fara tura toka a kan wutar.

Muka ce, "Iya, sai me ya faru? Bushiya ta fito?"

"Ni ina na sani? Tana can rami. Ba wanda ya tahi ya hwaɗa mata."

"To ki ƙarasa mana."

"Da mi zan ƙarasa? Baƙuwar ta tsaya nan, ta ce ba ta gaba sai an kira mata Bushiya. Ku tashi, ga isha'i can ana kira."

Ban yi barcin kirki ba. Da safe ina shara sai ta kira ni ɗakinta, ta ba ni saƙo. In je in gaya wa matan gari cewa daga yau kwanon ciyayyar yara a rufe shi da faifai, a ɗaure da ƙyalle, kuma yaron da ya buɗe a hanya ba shi ba tatsuniya har kaka. Na ce mata gidan su Ladingo zan je ko?

"Gidan kowa za ki. Ki hwara da gidan liman, ki ƙare da namu. Gidan Hure ki sa shi tsakiya. Abin da kika hwaɗa gidan liman shi za ki hwaɗa can, kada ki ƙara, kada ki rage. Kada ki daɗe, kada kuma ki yi sauri."

"In ba ta haƙuri?"

"A'a. Haƙurinki tuna mata zai yi. Yau dai, Sarkin Shela, shelar kowa za ki yi."

Ban taɓa yin aike mai nauyin wannan ba. Gida goma sha ɗaya na shiga kafin nasu, ina maimaita magana ɗaya har ta zauna mini a baki. Da na yi sallama gidan Gwaggo Hure, na same ta tana gyaran ganyen tafasa, Ladingo na gefe ta ba ni baya. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi saƙon yadda na faɗa ko'ina. Harshena yana ƙaiƙayi in ƙara wani abu, ko da "ki zo mana" ne. Na danne shi. Gwaggo Hure ta ce, "To, ki ce wa Iya an ji." Na tashi na wuce gida na gaba.

Da magariba na kasa zama. Yara suna ta shigowa da kwanoni a ɗaure, kowa ya miƙa wa Iya a bakin ƙofar ɗaki, ta shige da shi, ta saki labulen asabari. Ina ta kallon ƙofar baya. Har na fid da rai sai ga Sule ya leƙo, Ladingo na bayansa, ta riƙe kwano da hannu biyu, ta sa gefen zanenta ta tallafe gindinsa saboda zafi. Ta miƙa wa Iya kamar kowa. Iya ta karɓa, ta ce, "Kai, wannan da nauyi yake," kamar yadda ta ce wa na kowa. Na ce a raina, ashe yau sun samu.

Can Iya ta fito da babban akushinta na baƙin ice cike da tuwo, na dawa da na gero a cakuɗe, da wata tukunya da ta haɗa duk miyar da aka kawo. Kuka, kuɓewa, yakuwa, duk sun haɗu sun zama wani abu da ba shi da suna. Iya ta sa mata suna miyar gari duka. Gaskiya ba ta da daɗi sosai. Amma mun cinye tas, kuma hannun Ladingo da nawa sun yi karo a cikin akushin har sau biyu, a na biyun ta ɗan ture nawa, yadda ta saba yi in muna carafke.

Ranar aka ƙarasa tatsuniyar. Bushiya ta fito da ƙwaryarta a rufe, ta ci, 'ya'yanta suka ci. Ƙayar dai ba ta zube ba, don abin da ya riga ya tsira ya tsira. Zabuwa kuma ta koyi bayarwa shiru, sai dai takan tafi can bayan gari inda ba kowa ta yi kukanta ta huce. Yaran suka yi dariya, ni ma na yi, wannan karon na san da wa ake. Iya ta rufe da cewa baƙuwa ta ci ta ƙoshi, ta ɗauki sandarta ta yi gaba.

Haka ciyayyarmu ta koma, ba a sake buɗe kwano a gaban kowa ba. Da shekara ta zagayo idon Iya ya fara rauni, ta ce tana son mai taya ta juyewa a cikin ɗaki. Na tabbata ni za ta zaɓa, ni ce jikarta. Sai ta zaɓi Ladingo. Na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure. A daminar nan ce kuma babana ya kwanta ciwo tun daga shuka har girbi, aka sayar da shanun nan biyu aka kai shi asibiti Katsina. Amma ni ban ga wani canji ba. Kullum Inna za ta miƙo mini kwanona a ɗaure, da nauyinsa da ɗuminsa, in kai, in ci in ƙoshi, in ji tatsuniya.

Sai ranar da Iya ta rasu, ina 'yar shekara goma sha shida, na ji sauran labarin. Mata sun cika gidan, ana ta faɗin alherinta, sai Inna ta ce ai ranar da aka aike ni shela, Iya ta riga ni zagawa tun da asuba, wai ta je neman daddawa. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu: wadda ba ta ɗora tukunya ba, ta sami dutse, ta ɗumama shi a bakin murhu ko a wutar maƙwabta, ta naɗe da ganyen kalgo kada ya yi ƙara, ta rufe ta ɗaure ta ba yaron. Kada ta gaya masa. Yaro ya fita da kwano mai nauyi kamar 'yan'uwansa. Ita kuma Iya, daga ɗan rumbunta na tsufa, takan tuƙa nata tuwon ta ajiye a ɗaki, duk kwanon da ta buɗe ta ga dutse sai ta cike gurbinsa. Da safe ta mayar da dutsen cikin kwanon da aka wanke.

Na yi kuka a ranar, amma kukan alfahari ya fi yawa a ciki. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ta zauna a rumfar kara ta gano abin da har yau nake ganin masu ilimi suna tuntuɓe a kansa. Ba ta taɓa ce mana rowa ba kyau ba, don ta san yaro ya ji wannan sau dubu. Ta gane cewa sa yaro ya miƙa abu ba wuya, wuyar ita ce ya miƙa ba tare da ya tsaya a kan mutum ba. Kuma na yi alfahari da matan ƙauyen nan, su da ba a rasa su da gulma a bakin rijiya, amma shekara da shekaru ba wadda ta taɓa faɗin gidan da dutse ya fito.

Yanzu ni malama ce a wata firamare a cikin garin Batsari, ajin ƙanana nake riƙewa. Ƙauyenmu ya watse, kamar ƙauyuka da yawa na wajenmu, tun da ɓarayin daji suka hana noma suka hana barci. Inna tana wurina, ta tsufa. A 'yan shekarun nan ajina ya cika da yaran da iyayensu suka gudo daga wajen Ruma. Lokacin tara, in an fita cin abinci, wasu su buɗe leda da ƙosai ko awara, wasu kuma su tafi bayan aji su yi kamar wasa suke. Na san wannan wasan. Sai na sayo wani babban bokiti mai murfi na ajiye bayan allo. Da safe kowane yaro zai zagaya shi kaɗai, ya sa hannu a ciki ya fito, ko da abu ko babu. Ni ma ina sa nawa. In lokaci ya yi in juye a faranti a ci tare. Kuma kowace sabuwar shekara, a makon farko, ina ba su labarin Bushiya da Zabuwa. Kukan zabuwa kam na iya shi fiye da Iya, don ba sai na kwaikwaya ba.

Bara, wata ranar Laraba an tashi, na ga wata mata tsaye a gindin darbejiyar makaranta, riƙe da hannun wata yarinya 'yar ajina mai suna Hure. Ta rame, hijabinta ya koɗe. Na gaishe ta yadda ake gaida iyayen yara. Ba ta amsa ba, sai ta ce, "Yarinyar nan ta zo mini da wata tatsuniya, wai bushiya da ba ta da ƙaya. Na ce duk duniya mutum biyu suka rage da za su ba da ita haka, kuma ɗayar ni ce."

Rabona da Ladingo tun aurenta, an kai ta wani ƙauye a ƙasar Ruma. Muka rungume juna a nan gaban yara. Ta ba ni labari a taƙaice, ba ta ja shi ba. Sun fito da kayan jikinsu, mijinta yana dako a kasuwa, suna zaune a wani kango da aka ba su aro a bayan gari. Hure ita ce autarta.

Ina jin haka tsohon ciwona ya motsa. Ina da buhun masara a gida, ina da atamfa da ban ɗinka ba. Amma na rasa yadda zan faɗa. Na fara kame-kame, wai akwai wani hatsi da ya yi mini yawa, wai ƙwari za su ɓata shi, wai da ma ina neman wanda zai taimaka ya rage mini. Daga nan kuma, ban san yadda aka yi ba, na ji bakina yana ba ta haƙurin maganar hayaƙin nan ta shekara talatin da wani abu, haƙurin da Iya ta hana ni bayarwa.

Ladingo ta bar ni na gama. Sannan ta yi murmushi irin nata, na gefen baki.

"Sa'ade, har yau ba ki iya ƙarya ba. Ki aiko da masararki, ina so, yara na buƙata. Ba kunyarki zan ji ba."

Na ce, "To alhamdu lillahi."

"Kin san abin da ya sa? Ni tun ranar farko na san dutse na ɗauka. Dutse ba ya ƙanshin daddawa. Shi ya sa Iya ta zaɓe ni, ta ce wadda ta ɗauka ita ta san nauyinshi." Ta gyara wa Hure ɗankwali, ba ta kalle ni ba. "Shekarar da babanki ya kwanta, ni ke kwance kwanonki a ɗaki. A shekarar mu gyaɗarmu ta yi kyau. Kin ci tuwon gidanmu, Sa'ade, kin kuma ce ya yi gishiri."

Na tuna yadda nake shigowa rumfar nan ina taƙama, ina miƙa mata kwano ina cewa ta yi hankali kada ta zubar mana da miya. Ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta shige.

Na ce, "Kwana nawa?"

"Ban ƙirga ba. Iya ta ce mai juyewa ba ta ƙirge."

Shekara talatin tana riƙe da abin da za ta rama da shi a jimla ɗaya, a gaban yaran da na kunyata ta a idonsu, ba ta taɓa ko nuna alama ba. Ba ta fito da shi ba sai ranar da zai sauƙaƙa mini bayarwa, ita kuma ya sauƙaƙa mata karɓa. Ban ji kunya ba, abin mamaki. Wani irin girma na ji, na cewa a cikin mutanen nan na tashi.

Da yamma na sa aka kai masarar bayan magariba, a kan mashin ɗin da ba na unguwarmu ba. Na dawo na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Na zauna kusa da ita, na ce yau na ga Ladingo, ta gaya mini zancen kwanona.

Inna ba ta ɗago ba. Ta fitar da wata tsakuwa daga cikin waken ta jefar.

"A bakin rafi na samo shi," ta ce. "Sai da na gwada guda biyar kafin na sami mai nauyin malmala uku. Na san halinki, da ya ragu ko kaɗan sai kin tambaya a gaban mutane."

Na jawo farantin gabana, muka ci gaba da tsintar waken tare.